Manhajar kyauta a sabon buhu: Sana'a ce ko damfara?

Wanda ya sauke manhaja kyauta daga intanet, ya sauya mata suna da launi, ya sayar wa wani da kuɗi masu kauri, sana'a ya yi ko damfara?

Tambayar ta daɗe tana yawo a bakin masu makarantun kuɗi da masu shagunan magani a Birnin Kebbi, musamman tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kowace makaranta ta shiga neman abin da za ta horar da ɗalibanta da shi. Labarin kusan iri ɗaya ne ko a Jega ka ji shi ko a Argungu. Matashi ya zo da laftof, ya nuna wa mai makaranta manhajar jarrabawa da fitar da sakamako, ga sunan kamfaninsa a sama. Ya ce: "Alhaji, da hannuna na rubuta ta." Alhaji ya biya. Bayan shekara guda wani sabon malamin kwamfuta ya leƙa cikinta ya ce: "Ranka ya daɗe, ai wannan Moodle ce, kowa na iya sauke ta ba ko sisi." Ran Alhaji ya ɓaci, ya ce an cuce shi. Matashin kuma ya ce lasisin manhajar ya yarje masa ya sayar.

Kowannensu na riƙe da wani yanki na gaskiya. Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne mutane sun tsaya a kan kuɗin da aka karɓa, alhali laifin yana wani wuri dabam.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja tana da rubutun da masu ita suka zauna suka tsara, wanda ake kira lambar tushe. Wannan rubutun ake juyawa ya zama abin da waya ko kwamfuta ke aiki da shi. Kamar mai tsire ne da haɗin yajinsa: kana iya cin tsiren shekara goma ba ka san abin da aka daka a ciki ba. Windows da Microsoft Office da CorelDraw haka suke, ka saya ka yi amfani, amma haɗin yajin yana hannun kamfani. WhatsApp ma haka take. Ba ka biyan kuɗin sauke ta, amma a rufe take, ba ka da izinin gyara ta ko raba wadda ka gyara.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka baje lambar tushenta a fili, suka kuma rubuta izinin kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. VLC da kusan kowa ke kallon bidiyo da ita tana cikinsu, asalinta aikin ɗalibai ne a Faransa. Haka Firefox ta shiga intanet, da LibreOffice ta aikin ofis, da WordPress ta gina shafukan intanet, da Moodle ta harkar koyarwa wadda Martin Dougiamas ya fitar daga Ostiraliya a 2002. Zuciyar tsarin Android da ke cikin wayar Tecno ko Infinix ɗinka ma Linux ce, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki.

Tafiyar ta samo asali ne daga wani Ba'amurke, Richard Stallman, wanda ya shelanta aikin GNU na gina tsarin kwamfuta mai 'yanci a 1983, ya kafa gidauniyar kare 'yancin manhaja a 1985. Ya ce mai amfani da manhaja ya cancanci abu huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya ga dama, ya bincika cikinta ya gyara, ya ba wani kwafinta, ya kuma raba wadda ya gyara. Babu maganar farashi a cikin huɗun nan. Ruɗanin ya zo ne daga Turanci, inda kalma guda ke ɗauke da ma'anar "kyauta" da ta "'yanci". Mu Hausawa muna da kalmomi biyu, kuma ta biyun Stallman yake nufi. Shi da kansa a shekarun 1980 yana tura wa mutane kwafin manhajarsa ta Emacs a kan faifan tef, yana karɓar dala 150.

Saboda haka amsar farko a bayyane take. Sayar da buɗaɗɗiyar manhaja ba laifi ba ne, kuma mafi yawan lasisin nan ba su ƙayyade farashi ba.

Lasisi: sharaɗin da mai abu ya gindaya

Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne zaton abin da aka saki kyauta ba shi da mai shi. Yana da shi. Wanda ya rubuta manhaja yana nan da haƙƙin mallakarsa, a Najeriya ma haka ne, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, ta kuma amince da haƙƙin a danganta aiki ga mai shi. Lasisi takarda ce da mai abu ya ce: na ba ka izini, bisa waɗannan sharuɗɗa. Ka karya sharaɗin, izinin ya faɗi, ka koma kamar kowane mai satar fasaha.

Lasisin nan gida biyu ne. Akwai masu sassauci, irin su MIT da BSD da Apache. Su abin da suke nema kaɗan ne. Ka ɗauka, ka gyara, ka rufe naka gyaran in kana so, ka sayar, amma ka bar sanarwar sunan masu asalin aikin da takardar lasisin a ciki. Apache ta ƙara da cewa ka nuna fayilolin da ka taɓa.

Gida na biyu shi ne na GPL, wanda Stallman ya rubuta a 1989, aka sabunta shi a 1991 da 2007. Moodle da WordPress da Linux duk a ƙarƙashinsa suke, kuma shi ya fi shafar labarin Alhaji. GPL ta ce: sayar ko nawa ka ga dama, amma duk wanda ka miƙa wa manhajar, ka miƙa masa irin 'yancin da aka miƙa maka. Dole ka ba shi lambar tushe, har da gyaran da ka yi, ko rubutaccen alkawarin ba shi idan ya nema. Dole ka bar sunayen masu asalin aikin, ka nuna cewa ka yi sauyi, ka haɗa masa da takardar lasisin. Kuma ba ka da ikon ce masa kada ya ba wani.

A tsaya a kan wannan na ƙarshen, domin a nan sirrin rufa-rufar yake. Idan matashin nan ya ɗora wa Alhaji Moodle a kwamfutocin makarantarsa, Alhaji yana da cikakken izinin kwafe ta ya ba kowace makaranta daga Birnin Kebbi har Yauri, ko ya kira wani masani dabam ya ci gaba da kula masa da ita. Mai sayarwa ya san haka. Ya san muddin Alhaji ya gane asalin kayan, ba zai yiwu a riƙa karɓar "kuɗin sabunta lasisi" a hannunsa duk shekara ba, ba kuma zai yiwu a yi masa barazanar kulle manhajar ba. Shi ya sa ake goge sunayen, a cire takardar lasisin, a ce "ni na rubuta." Ƙaryar ba don a burge Alhaji kaɗai ake yin ta ba. Ana yin ta ne don a ƙwace masa haƙƙin da bai ma san yana da shi ba.

Akwai wata kafa da ya kamata a sani. Sharuɗɗan GPL suna hawa kan mutum ne lokacin da ya miƙa wa wani kwafi. Wanda ya ajiye manhajar a kan sabar tasa, wato babbar kwamfutarsa da ke haɗe da intanet, mutane na shiga ta intanet suna biyan kuɗin wata, bai miƙa kwafi ba, don haka GPL ba ta tilasta masa fitar da gyaransa. Don toshe wannan kafar aka yi wani lasisi mai suna AGPL.

Sauya suna kansa ba shi ne laifin ba

Wannan zai ba wasu mamaki. Lasisin lambar tushe dabam, tambarin kasuwanci dabam. Kana iya ɗaukar lambar Firefox ka gyara, amma ba ka da izinin kiran abin da ka gyara Firefox sai da yardar Mozilla, masu Firefox ɗin. Saboda saɓani a kan haka ne masu tsarin Debian, wani nau'in Linux, suka yi shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, suna kiran tasu Iceweasel. Sunan Moodle ma tambari ne mai rajista, ba kowa ke da izinin tallata kasuwancinsa da shi ba. Ke nan wani lokaci doka ce ma ke sa a sauya suna. Matashin da ya sa sunan kamfaninsa a saman allo bai yi laifi da wannan kaɗai ba. Laifin yana farawa ne lokacin da ya kankare sunayen masu aikin daga ciki, ya kalli mai saye ya ce babu hannun kowa sai nasa.

Ɗan ga-ruwa da mai sake buhu

Mu a nan mun san mutum biyu da ke sayar da abin da ba su suka ƙirƙira ba.

Na farko ɗan ga-ruwa ne. Ruwan rijiyar da wani bawan Allah ya haƙa sadaka yake ɗiba, ya jera jarkoki a kura, ya turo cikin rana har ƙofar gidanka. Ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo, domin kowa ya san inda rijiyar take, wanda ya ga tsada yana iya ɗaukar bokitinsa. Gumin da ya yi kake biya. A duniyar manhaja, kamfanin Red Hat na Amurka babban ɗan ga-ruwa ne: Linux da kowa ke iya saukewa yake tattarawa, ya gwada, ya tsaya wa kamfanoni idan ta ba da matsala. Da wannan sana'ar ya girma har IBM ta saye shi a kan dala biliyan 34 a 2019.

A wurinmu gumin ma ya fi yawa. Wanda zai girka wa makaranta Moodle sai ya sayi data, ya sayi man janareta, ya jera waya tsakanin kwamfutoci, ya shigar da sunayen ɗalibai da tambayoyi, ya koya wa malaman da wasunsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, sannan ya amsa waya ranar jarrabawa idan komai ya tsaya. Wanda ya tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, ya san darajar mutumin da ke da kwafin manhaja a filas ɗinsa kuma ya iya sa ta aiki ba tare da intanet ba. Ni ina ganin masu cewa "ai kyauta ce, don me zai karɓi kuɗi" suna zaluntar waɗannan matasa. Da yawansu sun fito daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ko jami'ar Aliero ba aikin gwamnati, wannan ita ce sana'ar hannunsu, kuma ƙasar nan na buƙatar ninkinsu goma.

Na biyu shi ne mai sake buhu. Duk wanda ya san kasuwar shinkafa ya ji labarin masu sayen shinkafar gida, wadda manomin Suru ko Argungu ya sha sauro da laka a kanta, su juye ta a buhu mai rubutun ƙasar waje don su ƙara farashi. Shinkafar na iya zama mai kyau. Amma an yi wa mai saye ƙarya, an kuma binne sunan manomin da ya kamata a ce kasuwa ta san shi. Wannan shi ne algus, ko da ba a zuba tsakuwa ko guda ba.

Addini bai bar wannan a duhu ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Akwai kuma hadisin da ke cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kuma lasisi sharaɗi ne da mutum ya amsa tun lokacin da ya ɗauki kayan. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa. Don haka hujjar nan ta "ai na Turawa ne, ba wanda zai sani" ba ta da wurin zama.

Su masu rubuta manhajar me suke cewa?

Bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma saɓanin nasu na da zafi.

A watan Yunin 2022 Microsoft ta fitar da ƙa'idar hana sayar da buɗaɗɗiyar manhaja a shagonta na intanet muddin ana samun ta kyauta a wani wuri. Niyyar ita ce korar masu kwafe aikin wasu suna liƙa masa farashi. Amma masu kare 'yancin manhaja, ciki har da ƙungiyar Software Freedom Conservancy, suka yi caa, domin ƙa'idar za ta haɗa da masu gaskiya. Masu manhajar zane ta Krita, alal misali, da kansu suke sayar da ita a shagon don su biya masu yi mata aiki. A watan Yuli Microsoft ta janye wannan sashen.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Quran for Android, manhajar Alƙur'ani da ke cikin wayoyin mutanenmu da dama. Lambarta a buɗe take a ƙarƙashin GPL. Masu kula da ita sun bayyana cewa kuɗin ajiye shafuka da karatuttukan daga aljihun masu sa kai yake fitowa, kuma suna kallon wanda ya kwafe ta ya cika ta da talla don neman riba a matsayin mai cin gumin wasu. A nan za ka ga tazarar da ke tsakanin abin da takarda ta halatta da abin da mutunci ya yarda da shi. Lasisin bai hana sa talla ba. Amma a ɗauki abin da bayin Allah suka yi don neman lada, ba a ƙara masa komai ba, a sa tallar da ba a san irin hoton da za ta fito da shi ba a gefen aya, wannan ko alƙali bai kama mutum ba, ya san abin da ya aikata.

Akwai kuma kukan kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a 2014 a cikin OpenSSL, manhajar da bankuna da manyan shafuka ke dogara da ita wajen tsare bayanai, sai duniya ta ji cewa gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba. Wasu masu manhaja sun gaji sun ja ƙofa. Mai manhajar gyaran hoto ta Paint.NET ya daina sakin lambarta bayan ya yi ta fama da masu goge sunansa suna sa nasu. Kamfanin manhaja na Elastic ya sauya lasisinsa a 2021 saboda rikicinsa da Amazon. Duk lokacin da haka ta faru, wanda ya fi asara shi ne ɗalibin da ba shi da kuɗin sayen rufaffiyar manhaja, irin namu na nan.

Abin da ke samun mai saye

Asarar Alhaji ba ta tsaya ga kuɗin da ya biya ba. Masu Moodle da WordPress kullum suna fitar da gyara don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Wanda bai san asalin manhajarsa ba bai san akwai gyaran ba, kuma mai sake buhu ba ya son taɓa ta don kada fentin ya ɓare. Sai ta tsufa a haka, alhali a ciki akwai sunayen yara da hotunansu da lambobin wayar iyayensu, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai makaranta alhakin tsarewa. Ranar da matashin ya sami aiki a Abuja ko ya sauya layi, makaranta ta tsaya cak, ba lambar tushe, ba kalmar sirrin shiga, ba wanda ya san inda aka dosa.

Masu gina shafuka na da nasu nau'in. Akwai wuraren da ke sayar da kayan ado da ƙarin kayan aikin WordPress a farashin banza, suna fakewa da GPL. Sau da yawa lasisin ya ba su dama, amma ba su da tallafin masu asalin kayan, kuma an sha samun waɗanda aka cusa wa muguwar lamba a ciki. Kada kuma a haɗa wannan magana da GBWhatsApp ko Windows da aka fasa wa makulli, waɗanda masu turi ke sa wa mutane a bakin kasuwa. Waɗannan rufaffun manhajoji ne da aka ɓalle ba da izini ba, babu wani lasisi da ya halatta su.

Maganar ta kai har kuɗin jama'a. Tsarin tattara bayanan lafiya na ƙasar nan yana tafiya ne a kan DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja daga Jami'ar Oslo ta Nowe, kuma ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumominmu sun san ta. Wannan shaida ce cewa kayan na da inganci. Amma duk ma'aikatar da za ta ba da kwangilar "ƙirƙiro sabuwar manhaja" ya kamata ta san ko farashin ƙira take biya ko na girkawa, domin tazararsu ba kaɗan ba ce.

Wanda yake zaton lasisin nan takarda ce kawai ya sani kotuna sun riga sun yi magana. A 2006 wata kotu a Frankfurt ta Jamus ta yanke hukunci a kan kamfanin D-Link saboda karya sharuɗɗan GPL, a ƙarar da wani mai rubuta manhaja, Harald Welte, ya shigar. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta tabbatar da cewa karya sharaɗin buɗaɗɗen lasisi na iya zama keta haƙƙin mallaka. A gida kuma, wanda aka sayar wa kaya bisa bayanin ƙarya yana da ƙofar hukumar kare masu saye ta FCCPC.

Kafin a biya, da kafin a rubuta rasit

Mai makaranta ko mai shago ba ya buƙatar iya rubuta manhaja kafin ya kare kansa. Ya tambaya kai tsaye: a kan wace manhaja ka gina wannan, kuma wane lasisi gare ta? Ya nemi a rubuta amsar a takardar yarjejeniya. Ya nemi a ba shi lambar tushe a filas, da kalmar sirrin babban mai kula, da alkawarin cewa bayanan ɗalibansa nasa ne ko an rabu. Idan amsar ita ce "sirrin kamfani ne," to ya nemi wani masani ya leƙa kafin kuɗi su fita.

Shi kuma matashin, babu abin da zai rasa idan ya ce: "Alhaji, wannan Moodle ce, masu ita sun sake ta ga kowa. Abin da za ka biya shi ne aikina." Sai ya rarraba rasit ɗin: kuɗin girkawa kaza, kuɗin gyara ta ta dace da tsarin makaranta kaza, horar da malamai kwana kaza, kulawa da sabuntawa na shekara kaza. Idan ya fassara wani sashe zuwa Hausa, ko ya gyara wata matsala da ya ci karo da ita, ya tura wa masu asalin aikin, sunansa zai shiga jerin masu gudummawa, kuma wannan jerin a buɗe yake, duk mai neman ma'aikaci daga Legas ko daga waje yana iya dubawa.